Ɗaukar Hoton Dusar Ƙanƙara Da Dare: Abin Da Ke Sa Fari Ya Dushe Da Yadda Ake Gyara Shi

A farkon watan Fabrairu, sa'ad da hunturu ya kai matuƙa a ƙasashen arewacin duniya, birnin Sapporo da ke tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan yakan cika maƙil da baƙi waɗanda suka zo kallon bikin dusar ƙanƙara. Wannan biki ya samo asali ne cikin 1950, lokacin da waɗansu 'yan makaranta na birnin suka gina siffofi shida da dusar ƙanƙara a filin shaƙatawa na Odori. Daga 1955 sojojin ƙasar suka sa hannu, aka shiga gina manyan siffofi waɗanda tsayin waɗansunsu kan kai mita 15. Wasannin Olimfik na hunturu da aka yi a birnin cikin 1972 sun ƙara fito da sunan bikin, har ya zama a shekarar da babu wata tangarɗa masu halarta sukan kai kimanin miliyan biyu.

Armashin bikin da dare yake. Rana takan faɗi wajen ƙarfe biyar na yamma, sa'an nan a kunna fitilu iri-iri a haska siffofin, filin nan mai tsawon kilomita ɗaya da rabi ya ɗauki ƙyalli. Mako guda kawai ake yi. Da an gama sai a kawo katafila a rushe kome, don kada ginin ya narke ya faɗa wa mutane. Saboda haka abin da ke saura a hannun wanda ya je shi ne hoton da ya ɗauka. In hoton ya ɓaci, babu halin komawa a sake, domin abin da aka ɗauka ɗin ma babu shi.

Sau da yawa kuwa hoton kan ɓaci. Dusar ƙanƙarar da mutum ya gani fara fat sai ta fito ruwan toka, ko rawaya kamar garin ɗorawa, ko kuwa shuɗiya kamar an tsoma ta a marina. Ɗalibanmu da ma'aikatan da ake turawa ƙaro ilmi Rasha ko Kanada ko Ingila sun san wannan takaici. Mutum ya tsaya cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba don ya aika wa iyalinsa shaidar abin da idonsa ya gani, hoto ya iso gida, a tarar da fuskarsa ta yi baƙi ƙirin har mahaifiyarsa ba ta iya shaida shi sai ta rigarsa. Ba lalacewa kyamarar ta yi ba. Abin da ya faru shi ne, kyamara ba ta san fari ba sai an gaya mata, kuma hanyar gaya mata abu ne da kowa ke iya koya.

Ido Da Kyamara

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In ka ɗauki farar takarda ka dube ta da rana tsaka, ka sake dubanta da dare a gaban fitilar ƙwai, fara za ka gan ta duka sau biyun, ko da yake hasken da ke fitowa daga gare ta ya bambanta ƙwarai wajen yawa da wajen launi. Ƙwaƙwalwa ce ke yin wannan gyara ba da saninka ba, domin ta riga ta san takardar fara ce.

Kyamara kuwa mudu gare ta, ba ta da kima. Aune-aune biyu take yi kafin ta ɗauki hoto: ta auna yawan hasken da za ta bari ya shiga, ta kuma ƙiyasta launin hasken don ta daidaita fari. Dusar ƙanƙara da dare takan rikita mata duka biyun. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Abin Da Ya Sa Fari Ke Zama Toka

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa in aka haɗa duk abin da ke gabanta, mai duhu da mai haske, aka gauraya, za a sami ruwan toka matsakaici, irin wanda ke mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. A kan yawancin abubuwa, kamar kasuwa ko gona ko taron jama'a, wannan zato yakan yi daidai. Amma sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na haske. Da ma'aunin ya ga wannan sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, ya yi ta ragewa har farin ya koma ruwan tokar da ya saba da shi.

Masu sana'ar hoto suna ƙirga haske da matakai, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. In aka ninka 18 za a sami 36, in aka sake ninkawa a sami 72. Watau tsakanin ruwan tokar kyamara da farin dusar ƙanƙara akwai mataki biyu da 'yan kai. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa wanda zai ɗauki fili mai dusar ƙanƙara ya ƙara haske da mataki ɗaya zuwa biyu bisa abin da kyamara ta zaɓa. Kusan kowace kyamara tana da maɓalli mai alamar ƙari da ragi don wannan aiki, a waya kuwa akan taɓa allo a ja alamar rana sama.

Wannan lissafi ya daɗe. Wajen 1940 Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoton duwatsu da dazuzzukan Amurka, shi da abokin aikinsa Fred Archer, suka tsara hanyar kasa haske gida-gida tun daga baƙi ƙirin har zuwa fari fat. Ruwan toka matsakaici shi ne gida na biyar a tsarinsu, dusar ƙanƙarar da ake son a ga laushinta da tudu da kwarinta kuwa tana gida na takwas. In ta wuce nan sai ta zama farar takarda kawai, babu abin gani a cikinta.

To, da dare al'amarin yakan ƙara sarƙewa, domin duhu ma yana ruɗin ma'aunin, amma ta ɗaya gefen. A ce mutum ya tsaya a filin Odori ya saita wata siffa da fitilu suka haska, bayanta kuwa sararin sama ne baƙi wanda ya cinye kashi biyu cikin uku na hoton. Ma'aunin zai ga duhu ya yi yawa, ya buɗe ƙofa don ya mai da baƙin sama ruwan toka, siffar kuwa ta ƙone ƙurmus da haske, duk sassaƙar da aka sha wahala a kanta ta ɓace. A nan ragi ake bukata. Abin lura dai shi ne wanda ya fi cika hoton. In dusar ƙanƙara ce ta cika shi, a ƙara. In duhu ne, a rage. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a sa ma'aunin ya auna ɗigo ɗaya tak, a saita shi a kan wurin da ya fi haske a jikin dusar, sa'an nan a ƙara mataki ɗaya ko ɗaya da rabi.

Kada kuma a amince da allon kyamara. Cikin duhu ɗan hasken allo yakan cika ido, hoton da bai sami isasshen haske ba sai ya yi kamar ya yi kyau, sai an koma ɗaki a ga ɓarna. Abin dogara shi ne jadawalin haske, wanda masu sana'ar ke kira histogiram. Shi wani zane ne mai kama da tuddai: gefen hagu na nuna duhu, gefen dama na nuna haske. A hoton dusar ƙanƙara ya kamata wani tudu ya matsa can dama ba tare da ya jingina da bango ba. In ya jingina, to wani sashe ya ƙone, kuma abin da ya ƙone babu kwamfutar da ke dawo da shi.

Ƙofa, Marfi Da Lambar ISO

Abubuwa uku ke hukunta yawan hasken da ke shiga, kamar duwatsun murhu, in ɗaya ya gusa sai an gyara sauran. Na farko faɗin ƙofar da ke cikin gilashin kyamara, wanda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba kamar f/2.8 babbar ƙofa ce, babbar lamba kamar f/16 kuwa ƙaramar ƙofa. Na biyu tsawon lokacin da marfi ke kasancewa a buɗe. Na uku lambar ISO, wadda tsofaffin masu hoto suka sani da ASA a jikin kwalin fim, ita ce ke nuna saurin kama haske. Ɗaga ta yana taimako cikin duhu, amma in ta yi yawa hoton yakan yi yashi-yashi.

Ga misalai biyu na inda za a fara kafin a duba jadawali a gyara. Siffar da fitilu masu ƙarfi suka haska, kamar na Sapporo, ana iya ɗaukarta da hannu a ISO 1600, f/4, da 1/60 na sakan. Amma filin karkara wanda farin wata kaɗai ke haskawa wani abu ne dabam. Hasken wata ran sha huɗu bai fi kashi ɗaya cikin 400,000 na hasken rana ba. A nan sai a ce ISO 800, f/4, marfi kuwa ya zauna a buɗe kamar sakan takwas. Babu hannun da zai riƙe kyamara sakan takwas bai motsa ba, balle hannun da ke rawar ɗari, don haka dole a ɗora ta bisa sanda mai ƙafa uku, a danna ƙafafun cikin dusar har su sami ƙasa mai tauri, a kuma sa kyamara ta jinkirta sakan biyu bayan an danna don girgizar yatsa ta lafa.

In ana son taurari su fito ɗigo-ɗigo, akwai wani lissafi da aka saba da shi: a raba 500 da tsawon gilashin kyamara. Gilashi mai milimita 20 zai ba da sakan 25, in aka wuce haka juyawar duniya za ta ja taurarin su zama layi. In kuma dusar tana cikin sauka, marfi ne ke hukunta kamanninta. A 1/250 na sakan za ta tsaya cak a iska, a 1/30 ta zama zare-zare, in aka kai sakan da yawa kuwa ta ɓace ta bar hazo kawai. Saitin nesa da kusa ma gara a yi shi da hannu, a kan wata fitila mai nisa, domin kyamara takan yi ta lalube in ba ta sami gefe ko layin da za ta kama ba.

Wayoyin zamani suna yin wannan aiki ta wata dabara. Tun daga 2018 a wayoyin Pixel, da 2019 a iPhone, tsarin ɗaukar dare yana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan sakan, ya haɗa su ya fid da ɗaya. Yana aiki sosai, sai dai yakan so ya haskaka kome, har dare ya yi kama da hantsi.

Launin Haske

Matsala ta biyu ita ce launi. Dusar ƙanƙara ba ta da launin kanta. Duk hasken da ya sauka a kanta shi take mayarwa. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin, wanda aka sa wa sunan William Thomson, malamin kimiyya na Jami'ar Gilasgo da aka fi sani da Lord Kelvin, wanda ya rasu cikin 1907. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga tushen wannan ma'auni. Ƙarfe in ya fara zafi ja yake yi, in aka ci gaba da zuga ya koma rawaya, daga nan ya yi fari. Saboda haka ƙaramar lamba jan haske take nufi, babbar lamba kuwa haske mai shuɗi-shuɗi.

Harshen kyandir yana wajen Kelbin 1,900. Fitilun titi na sodiyam, masu ruwan lemo, suna wajen 2,000 zuwa 2,200. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana tsakanin 2,700 da 3,200. Farin wata kimanin 4,100 ne, rana tsaka 5,500, ranar da gajimare ya rufe sama 6,500 ko fiye. Bayan faɗuwar rana, sa'ad da shuɗin sama kaɗai ke haska ƙasa, lambar takan kai 10,000. Fitilun LED da suka maye gurbin na sodiyam a birane da yawa tun daga shekarun 2010 galibinsu suna tsakanin 3,000 da 4,000.

Aikin mai hoto shi ne ya gaya wa kyamara lambar hasken da ke wurin, ita kuwa ta ƙara kishiyar launin don fari ya fito fari. Ka'idar a aikace mai sauƙi ce: in dusar ta fito rawaya, a rage lamba, in ta fito shuɗiya, a ƙara. In aka bar kyamara ta zaɓa da kanta, takan canza ra'ayi daga hoto zuwa hoto, har a sami hotuna goma na wuri ɗaya kowanne da launinsa. Wanda ke son tabbas sai ya riƙa yawo da katin ruwan toka da ake sayarwa don wannan aiki, ya ɗauki hotonsa a ƙarƙashin hasken wurin, ya umarci kyamara ta yi awo da shi. In babu kati, tsabtatacciyar dusar da fitila ta haska tana wadatarwa, muddin ba wadda ke cikin inuwa ba ce. Akwai kuma saiti na biyu, tsakanin kore da ruwan hoda, wanda ake bukata a ƙarƙashin dogayen fitilu irin na ofis, domin sukan zuba wa dusar kore-kore.

A zamanin fim wannan gyara tun a kanti ake fara shi. Akwai fim na hasken rana, wanda aka daidaita a 5,500, da fim na hasken ƙwai, a 3,200. Wanda ya ɗora na rana ya shiga hasken ƙwai sai ya ɗaura wa gilashinsa shuɗin tabarau mai lamba 80A, wanda ke cinye kusan mataki biyu na hasken da dama bai isa ba. Bugu da ƙari, fim yakan gaji in marfi ya daɗe a buɗe, launinsa ya karkace. Duk da haka waɗansu sun yi aikin da ake tunawa da shi har yau da kayan da ba su kai waɗannan ba. Alfred Stieglitz ya tsaya sa'o'i uku cikin guguwar dusar ƙanƙara a birnin Niyok cikin Fabrairun 1893 kafin ya sami hoton keken doki da ya yi suna da shi, cikin 1898 kuma ya ɗauki hoton itatuwa a layi cikin daren ƙanƙara, a lokacin da mutane da yawa ke ganin ɗaukar hoto da dare wahalar banza ce.

Inda Gyara Ya Kamata Ya Tsaya

A birni da wuya a sami haske iri ɗaya. A hoto guda ana iya samun fitilar titi mai ruwan lemo a hagu, farar fitilar kanti a dama, da shuɗin sama a bisa rufin gidaje. Lamba ɗaya ba za ta gyara ukun ba. Sai mutum ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci a hoton ya daidaita farinsa a kai, ya bar sauran da launinsu. Akwai ma wata tsohuwar fitilar sodiyam wadda launi guda tak take fitarwa, rawaya tsantsa. A ƙarƙashinta babu gyaran da zai yi, gara a mai da hoton baƙi da fari. Siffar da masu biki suka haska da ja ko kore da gangan kuwa ba ta bukatar gyara, haka aka so a gan ta.

Farin wata yana da nasa abin mamaki. Hasken rana ne da ya daki wata ya dawo, kuma bisa awo ya fi na rana ja kaɗan. Amma idon ɗan Adam shuɗi-shuɗi yake ganinsa, domin cikin duhu ido yakan rage jin ja ya fi jin shuɗi da kore, kamar yadda masanin nan na ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya bayyana cikin 1825. Don haka in aka sa kyamara a 5,500 aka bar marfi a buɗe har hoton ya cika da haske, za a sami abin da ba a bambanta shi da hoton rana sai ta taurari. Masu gwaninta sukan sauko da lambar zuwa wajen 3,500 ko 3,800, su kuma rage haske kaɗan, don hoton ya yi kama da abin da mutum ya gani sa'ad da yake tsaye a wurin.

Wannan shi ne ma'aunin gyara duka. Garin neman gira kada a rasa ido. Wanda ya wanke duk shuɗin inuwa, ya share duk ruwan lemon fitila, ya haskaka duk duhu, ya sami farar dusar ƙanƙara amma ya rasa daren da ya fita ɗauka.

Fuskar Mutum

Ga mu baƙaƙen fata akwai ƙarin magana. Tazarar haske tsakanin fuskar baƙin mutum da dusar ƙanƙara takan kai mataki uku ko fiye. In kyamara ta riga ta rage mataki biyu saboda farin da ya cika mata ido, fuskar ta faɗa cikin duhu ke nan. Tarihin sana'ar ma bai taimaka ba. Tun daga shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi ne da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata uku masu launin fata dabam-dabam. Kayan yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba, amma har yanzu sai mai hoto ya sa kansa.

A auna hasken a kan fuska, a kuma tsayar da mutum yana fuskantar fitila, kada ta kasance a bayansa. Dusar da ke ƙasa tana taimako, domin takan mayar da haske sama ta cike inuwar haɓa da ta idanu. In za a kunna walƙiyar kyamara a rage ƙarfinta, domin farin haskenta irin na rana ne, in ya haɗu da hasken titi fuska takan yi fari-fari bayanta kuwa ja. Kuma in dusar tana sauka, walƙiya za ta haska ƙwayoyin da ke dab da gilashi su zama manyan ƙwallaye farare. Wanda ya taɓa ɗaukar hoto da walƙiya cikin ƙurar hunturu a Kano ko Zinder ya ga irin wannan.

Gyara A Kwamfuta

Kyamarori da wayoyi da yawa suna iya ajiye hoto iri biyu. JPEG dafaffen hoto ne: kyamara ta riga ta yanke hukunci kan launi, ta ajiye matakan haske 256 ga kowane launi, ta zubar da sauran. RAW kuwa ɗanye ne, yana riƙe da matakai 4,096 ko 16,384 gwargwadon kyamarar, kuma ba a riga an kulle farinsa ba. Mai ɗaukar dusar ƙanƙara da dare ya zaɓi ɗanyen, domin zai iya canza lambar Kelbin bayan ya koma ɗaki ba tare da hoton ya yi asara ba.

Wajen gyaran a bi tsari. A fara da fari: a taɓa alamar awo a kan dusar da ke da matsakaicin haske, a ga abin da manhaja ta bayar, sa'an nan a mayar da ɗan shuɗi in dare ya ɓace. Bayan haka a gyara yawan haske, a janyo wuraren da suka kusa ƙonewa har laushin dusar ya bayyana, a ɗaga inuwa kaɗan. Ɗaga inuwa da yawa shi ke tono yashin da ke ɓoye cikin duhu. Rage yashin shi ne aikin ƙarshe, kuma da sauƙin hannu, domin manhaja ba ta bambanta yashi da ƙwayar dusar ƙanƙara, tana iya goge duka biyun ta bar fili sumul kamar roba.

Sanyi Da Kayan Aiki

Daren Fabrairu a Sapporo yakan sauka digiri shida ko bakwai ƙasa da sifiri, wani lokaci fiye, alhali yawancin kyamarori an yi su ne don aiki daga sifiri zuwa digiri 40. Batir ne ke fara gazawa. A riƙe na biyu a aljihun ciki kusa da jiki, in na farko ya mutu a musanya. Wanda ya mutun in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. Kada a hura wa gilashi iska da baki, tururin zai daskare a kansa; buroshi mai laushi ake sa wa. Kada a kama ƙarfen sandar kyamara da hannu tsirara, a sa safar hannu siririya a ƙarƙashin mai kauri. In yatsa ya daina jin kome ya fara yin fari, a bar hoto a nemi ɗumi nan da nan.

Haɗari mafi girma ga kyamara yana bakin ƙofa ne, wajen komawa ɗaki. Kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi in an fid da ita daga firij, haka kyamarar da ta sha sanyi za ta yi raɓa ciki da waje in ta shiga ɗaki mai ɗumi. Tun ana waje a cire katin hotuna, a sa kyamarar cikin leda a ɗaure bakinta, a bar ta sa'a ɗaya ko biyu a ɗaki kafin a buɗe. Sanyin dai yana da alheri guda, domin na'urar kama haske in ta yi sanyi yashinta yakan ragu a hoton da marfi ya daɗe a buɗe.

Wanda ke shirin tafiya ƙasar sanyi ba sai ya jira ya isa can kafin ya koyi waɗannan abubuwa ba, domin tsakiyar ƙanƙara da yatsu a sandare ba wurin neman maɓalli ba ne. Farar babbar riga da aka rataya a tsakar gida da dare tana ruɗin kyamara kamar yadda dusar ƙanƙara ke yi. A ɗauke ta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a sake ɗauka a farin wata, a ƙara mataki ɗaya, a ƙara biyu, a juya lambar Kelbin sama da ƙasa, a sa wani ya sanya rigar a ga yadda fuskarsa za ta fito. Wanda ya iya fid da farin riga da aikin zaren da ke wuyanta da fuskar mai ita a hoto guda, ya riga ya iya mafi yawan abin da zai bukata a filin Odori, kuma ko tafiyar ba ta yiwu ba, hotunan angwaye da na daren Salla za su amfana.